Wasiƙa ga matasan Madawa, Buza da Keita kan tsokanar manya a waya

Tsokana da cin mutunci a Facebook, TikTok da guruf ɗin WhatsApp ba aikin yara kaɗai ba ne. Magidanci mai iyali, wanda a kasuwar Madawa ba zai ɗaga wa kowa murya ba, yakan ɗauki waya da dare ya saki saƙon murya yana ci wa wani zarafi a gaban mutanen garinsu duka, na gida da waɗanda suka tafi cin rani Abijan, Libiya ko Legas. Ya kamata matashi ya san abin da ke jawo haka, don kada ya ɗauke shi jarumta.

Dalili na farko shi ne rashin haɗa ido. A 2004 masanin halayyar ɗan Adam John Suler, ɗan Amurka, ya bayyana yadda ɓoye suna, rashin ganin fuska da jinkirin amsa suke cire wa mutum kunya. A fada, wajen shan shayi, mai magana yana ganin fuskar abokinsa ta canza, sai ya ja baya. A waya babu fuskar da za ta tsayar da shi, kuma ba ya ganin uwar wanda ya zaga lokacin da aka kunna mata saƙon a tsakar gida.

Akwai kuma masu jin daɗin ɓacin ran wasu. Binciken da Erin Buckels da abokan aikinta suka buga a 2014 ya nuna cewa halin da ya fi tafiya da son tsokana shi ne jin daɗin cutar da mutum. Irin waɗannan amsa suke nema, kowace iri ce, shi ya sa mayar musu da martani yake ƙara musu ƙarfi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da masu bincike na jami'o'in Stanford da Cornell suka gano a 2017: mutumin kirki ma yakan faɗa ciki idan ransa a ɓace yake, kuma ya tarar wasu sun riga sun fara zagi. Farashin albasa ya faɗi, bashi ya taru, ɗan cin rani ya yi wata biyu bai aiko ba. Haushin da ba shi da wurin zuwa sai ya sauka a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Matashin da ya ji zuciyarsa na tafasa, gara ya ajiye wayar sai gari ya waye.

Wasu kan fake da wasan taubasantaka, irin wanda ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, al'adar da UNESCO ta sanya cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Wannan hujja ba ta tsayuwa. Taubasai sun san juna, kowa na da damar ramawa, kuma wasan yana kashe rigima ne.

Hukuma ma ba ta ɗauki cin mutunci a waya wasa ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, aka cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna a 2022, sannan aka maido shi a watan Yunin 2024: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, tare da tara.