Takardar Karɓar Abinci da Hukuncin Sayar da Ita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan takardar nan ne da ake ba mabukaci ya kai wa mai kanti ya karɓi hatsi. Da can takarda ce ta hannu, yanzu kuwa saƙo ne a cikin wayar hannu. A shekarar 2013 ƙananan 'yan kasuwa na wata unguwar talakawa a Mombasa ta ƙasar Kenya suka fara amfani da takardunsu na kansu, Bangla-Pesa, suna cinikayya da su a tsakaninsu. Daga baya aka mayar da tsarin cikin waya da sunan Sarafu, har Ƙungiyar Red Cross ta Kenya ta tallafa wa gidaje da shi a lokacin annobar korona, cikin 2020. Ƙungiyoyinsu na adashe su ne ƙashin bayan al'amarin, domin su suka san gidan da bai ɗora tukunya ba.

To, wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi yunwar nan da ake kira Shekarar Toka. Bayan an ci Masar, sai Amru ɗan Asi ya riƙa aiko da hatsi cikin jiragen ruwa zuwa Jar, watau tashar jiragen Madina a bakin Bahar Maliya. Masu tarihi sun ce Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya rubuta sunayen mutane, aka ba kowa takarda mai hatimi ta rabonsa. Sunanta da Larabci sakku, jam'inta sukuk.

Sai a zamanin da Marwanu ɗan Hakamu ke mulkin Madina aka ga aibin da ke iya shiga. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa mutane suka shiga sayar wa juna takardun tun ba su karɓi hatsin ba. Zaidu da wani sahabi suka shiga wurin Marwanu suka nuna masa cewa ya buɗe ƙofar riba. Nan take ya aiki dogarai suka bi kasuwa suna ƙwace takardun, suna mayar wa masu su.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, don mutane da yawa suna kure. A mazhabarmu ta Malikiyya, abincin da aka hana sayarwa kafin a karɓe shi shi ne wanda aka samu ta hanyar musaya, kamar saye ko ladan aiki. Wanda aka ba sadaka ko kyauta yana iya sayar da rabonsa. Saboda haka matar da mijinta ya rasu, ta sayar da takardarta don sayen maganin ɗanta, ba ta yi laifi ba, ko da yake sau da yawa kanwa ake yi mata a farashi. Amma wanda ya saya daga gare ta ba shi da ikon sayar wa na uku sai ya je ya auni hatsin. Sarafu kuwa matsayin kuɗi ta riƙe a wancan lokacin, ba a ɗaure ta da mudu kaza na hatsi ba, hukuncinta dabam ne.

A ganina, kwamitin masallaci ko na unguwa da zai kafa irin wannan tsari ya sa masu haɗa na'urar su kulle ta yadda takardar abinci ba za ta wuce hannu biyu ba. Abin da Marwanu ya yi da dogarai ke nan. Littafin sunaye kuma ya zauna a hannun amintattun unguwa, liman da mai unguwa da wakiliyar mata suna dubawa, kada a karanta shi a bainar jama'a a tozarta masu karɓa. Wallahu a'alamu.