Wakilinka a Abuja: Yadda Za Ka Gano Inda Ya Tsaya

Wani malamin makarantar sakandare daga jihar Jigawa ya aiko mana da tambaya. Ya ce ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsu yana zango na biyu, kuma yaransa sun fara manna fasta mai ɗauke da jerin ƙudirorin da suka ce ya gabatar. Su dai mutanen mazaɓar abin da idonsu ya gani rijiyar burtsatse ce da baburan da aka raba. Yana son ya san yadda talaka zai tabbatar da aikin wakilinsa a zaure, da ɓangaren da ya bi duk lokacin da aka zo yanke hukunci kan babban al'amari.

Malam, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ɓangaren da ba shi da daɗin ji: a mafi yawan hukunce-hukuncen da Majalisar Tarayya ke yankewa, babu wata takarda da ta rubuta cewa wakilinka ya ce e ko ya ce a'a. Dalili shi ne ƙuri'ar murya. Shugaban zama zai karanta batun, ya ce masu goyon baya su amsa, a amsa; ya ce masu adawa su amsa, su ma su amsa. Sai ya auna da kunnensa, ya faɗi ɓangaren da ya yi rinjaye, ya buga guduma. Kamar amin ɗin masallacin Juma'a ne, ba ka iya ware muryar mutum ɗaya a ciki. Sashe na 56 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yanke hukunci da rinjaye, amma bai tilasta a rubuta sunaye ba. A Majalisar Wakilan Amurka, manyan ƙudirori da na'ura ake kaɗa musu ƙuri'a, sunan kowa da zaɓinsa su fito a shafin akawun majalisa a ranar. Mu a nan mutum zai iya yin shekara huɗu a cikin sanatoci 109 ko wakilai 360, ya dawo gida ya ce shi ya yi adawa da abu kaza, kuma ba mai iya ƙaryata shi.

Ka tuna dokar ta-ɓaci da Shugaba Tinubu ya sa wa jihar Ribas ranar 18 ga Maris, 2025. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ranar 20 ga watan majalisun biyu suka amince da ita ta ƙuri'ar murya. Ko kana goyon bayan dokar ko ba ka yi, kunne ba ya ƙirga mutum 240. A ganina wannan ranar kaɗai ta isa hujjar cewa duk batun da kundin tsarin mulki ya gindaya masa adadi, to a kira sunaye.

Sai dai akwai ranakun da aka kira sunayen, kuma daga nan ya kamata bincikenka ya fara. Dokokin cikin gida na majalisa sun ba ɗan majalisa damar ƙin yarda da hukuncin kunnen shugaba, ya nemi a ƙirga. Haka Sanata Enyinnaya Abaribe ya yi ranar 15 ga Yuli, 2021, lokacin da ake kan gyaran dokar zaɓe. Batun shi ne aika sakamakon zaɓe ta na'ura: a bar wa hukumar zaɓe ta INEC ta yanke, ko sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar da ingancin sabis kuma majalisa ta amince, kamar yadda Sanata Sabi Abdullahi ya kawo gyara. Aka bi sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi zaɓinsa da bakinsa. Mutum 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su nan. Jaridu suka buga sunaye, jama'a suka yi ca, kuma a watan Oktoba majalisar dattawan ta janye matsayinta ta bar wa INEC ikon. Ka lura da rukuni na uku. Rashin halarta a irin wannan rana shi ma matsayi ne, kuma ya cancanci a tambayi mai shi ina ya tafi.

Gyaran kundin tsarin mulki ma yana barin sawu, domin sashe na 9 ya nemi kashi biyu cikin uku, dole a ƙirga. Ranar 1 ga Maris, 2022, an kaɗa ƙuri'a da na'ura kan ƙudirori 68, aka kayar da waɗanda suka shafi ƙarin kujeru da wakilcin mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Haka zaɓen shugabannin majalisun biyu ranar 13 ga Yuni, 2023: a majalisar wakilai kowa ya ambaci wanda ya zaɓa a fili, Tajudeen Abbas ya sami ƙuri'a 353, alhali sanatoci a asirce suka zaɓi Godswill Akpabio da 63, Abdul'aziz Yari na da 46. Idan wakilin naku zango biyu ya yi, to yana cikin majalisa a waɗannan ranaku. Ka tambaye shi abin da ya zaɓa, ka ji amsarsa.

Yanzu mu zo kan fastar. Yawan ƙudirori ba ma'auni ba ne, kuma a nan ne aka fi yi wa masu zaɓe wayo. Karatu na ɗaya bai wuce akawu ya karanta sunan ƙudirin ba, babu muhawara, babu komai. A karatu na biyu ake tafka muhawara kan manufarsa. Daga nan a miƙa wa kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kwamiti ya kawo rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Bayan haka sai ɗaya majalisar ta amince, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Mutum zai iya jera ƙudiri ashirin a fasta, dukkansu suna kwance tun karatu na ɗaya. Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa kowane layi da ke jikin fastar: mece ce lambarsa, kuma a wane mataki yake? Ƙudirin majalisar wakilai lambarsa da HB take farawa, na dattawa da SB. Da lambar a hannunka, ko a waya za ka iya dubawa a shafin intanet na majalisa, ko na ƙungiyoyin PLAC da OrderPaper masu bibiyar ayyukanta. Idan yaran nasa suka kasa kawo lamba, ka sami rabin amsarka.

Ka kuma bambance ƙudirin doka da ƙudirin jan hankali, domin a bakin 'yan siyasa duka ƙudiri ne. Idan ambaliya ta ci gari ko 'yan bindiga suka kai hari, ɗan majalisa kan miƙe ya roƙi majalisa ta yi kira ga hukumar NEMA ko rundunar soji. Yana da amfani, yana sa a ji kukan mazaɓa, amma matsayar da aka cimma shawara ce, ba ta ɗaure ɓangaren zartarwa. Wanda ya kawo irin wannan ƙudiri, abin tambayarsa shi ne: bayan an buga guduma, ya bi sawu? Ya je ma'aikatar? Kayan agajin sun iso?

Sannan ka dubi abin da ke cikin ƙudirin. Da yawa daga cikinsu na neman a kafa jami'a ce ko kwaleji ko cibiyar lafiya ta tarayya a garin mai gabatarwa. Suna da daɗin faɗi a taron siyasa, amma doka ba ta gina aji sai an sa kuɗi a kasafi, kuma a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai. Ni na fi ganin girman mutumin da ya riƙe ƙudiri ɗaya ya bi shi har ya zama doka. Gyaran da ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, wanda aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, Tony Nwulu ne ya ɗauke shi a majalisar wakilai, Sanata Abdul'aziz Nyako a ta dattawa. Dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma ta 2024 kuwa Sanata Barau Jibrin ne ya gabatar. Irin wannan aiki ba ya buƙatar fasta kafin a tabbatar da shi, yana rubuce.

A yi adalci kuma: ba duk mai shiru a zaure ne ɗan ɗumama kujera ba. Aikin majalisa mai nauyi a kwamiti ake yin sa, inda ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu, inda kuma ake amfani da ikon bincike na sashe na 88. Ka gano kwamitocin da wakilinku yake ciki. Idan mazaɓarku ta manoma ce, shi kuma yana kwamitin noma ko na albarkatun ruwa, ka tambaye shi abin da ya ce wa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ranar da ta zo kare kasafinta. Mai aiki zai amsa nan take, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba.

Batun halarta yana da doka. Sashe na 63 ya wajabta wa kowace majalisa zaman kwana 181 aƙalla a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na ranakun zama ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kujerarsa ta faɗi. Ana zama Talata, Laraba da Alhamis, ana kuma nuna zaman kai tsaye a talabijin da YouTube. Akwai rajistar halarta, akwai takardar da ke taƙaita abin da aka yi da hukuncin da aka yanke a kowace rana, akwai kuma Hansad, kundin da ke ɗauke da kalaman kowa a muhawara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman waɗannan takardu. Ka rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya wasiƙa, ka faɗi sunan wakilin da shekarar da kake so, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma in an hana ka, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. Kada ka yi tsammanin abin zai zo da sauƙi. Wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiyar malamai ko ta ci gaban gari ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Rijiya da babura kuwa, ka fara da tambayar kuɗin wa aka kashe. An daɗe ana ware naira biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ne ke zaɓar aikin, wata ma'aikata ko hukuma ce ke ba da kwangilar. Kuɗinku ne, ba kyauta ba ce daga aljihunsa. Ka nemo layin aikin a kasafi, shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana taimakawa a nan, ka ga nawa aka ware, sannan ka taka ka je wurin. In an rubuta ajujuwa shida ka tarar da biyu ba rufi, ka ɗauki hoto ka kai wa hukumar ICPC, wadda tun 2019 take bin diddigin irin waɗannan ayyuka.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce wannan. Tunda tsarin ba ya rubuta ƙuri'ar wakilinku, ku ku rubuta matsayinsa kafin a kaɗa ta. Ƙudirorin gyaran haraji sun shiga majalisa a watan Oktoban 2024, ba a sa musu hannu ba sai ranar 26 ga Yuni, 2025. Wata takwas ke nan ana cece-kuce, gwamnonin Arewa sun fito da matsayi kan rabon harajin kayayyaki, amma mazaɓu nawa ne suka zaunar da wakilinsu suka ce ya faɗi nasa? Idan babban batu ya taso, ku aika masa tambaya a rubuce ta ofishinsa na mazaɓa, ko ku kira shi ranar da ya shiga gidan rediyo: za ka goyi baya ko za ka ƙi, kuma in aka yi ƙuri'ar murya, za ka miƙe ka nemi a ƙirga? Ku naɗi amsar, ku ajiye da kwanan wata. Wani lokaci ba za a ba ku sarari ba, domin dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024 cikin mako guda aka gama shi. Amma yawancin dokoki suna ɗaukar watanni.

Wasu za su ce maka a yi masa kiranye. Sashe na 69 ya yarda, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada kan Sanata Dino Melaye, abin ya rushe a matakin tantancewa a 2018. An gwada kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, INEC ta ce sa hannun bai kai adadi ba. Kada ka ɓata ƙarfinka a nan.

Wa'adin majalisa ta goma zai ƙare a watan Yunin 2027, kuma ƙudirin da bai kammala matakansa ba kafin nan sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Malam, ka ɗauki hoton fastar nan, ka nemi lambar kowane ƙudiri, ka rubuta matakin da yake a gefensa, sannan ka kai takardar taron ƙungiyarku kafin a fara yaƙin neman zaɓe.