Darasin Labarin Ƙasa a Cikin Akushi: Tafiyarmu Zuwa Bunkure

A aji an koya mana cewa damina a ƙasar Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. To, yaya aka yi ana cin ɗanyen tumatur da ɗanyar masara a tsakiyar rani? Wannan tambaya ce ta fitar da mu, mu 'yan ƙungiyar labarin ƙasa, zuwa yankin Kura da Bunkure. Mun tafi da littattafan rubutu, amma gaskiya cikinmu ne ya fi riƙe darasin.

Zangonmu na farko Karfi, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda ake ratsewa a nufi Bunkure da Rano. Kafin mota ta gama tsayawa masu masara sun kewaye mu, ga gasasshiya ga dafaffiya. Muna ci malaminmu ya ce mu dubi daji: ko'ina ya bushe, hazo ya rufe sama. Ina wannan masara ta sami ruwa?

Amsar tana Tiga. An gina wannan madatsa a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa ke biyo babbar hanyar da aka haƙa masa, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har bakin gonaki. Ba inji ke tura shi ba, gangaren ƙasa ne kawai. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin. Da damina a shuka shinkafa, da rani kuma tumatur, albasa, masara da alkama.

Alkama sai da sanyi, shi ya sa ake shuka ta da hunturu. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita daga waje, manoman wannan yanki suka duƙufa a kanta. Gurasar da muka saya a hanya, an barbaɗa mata ƙuliƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa, ta tuna mana da wannan tarihi.

Amma abincin da ba za mu manta ba shi ne na gonar wani dattijo kusa da Bunkure. Mun iske shi an kawo masa abincin rana: garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, a akushi ɗaya. Mu kuwa mun fi goma.

"Bismillah, 'ya'yana, ku matso," in ji shi.

"A'a Baba, mun ƙoshi, a ci lafiya."

Bai saurare mu ba. Ya aiki yaro ya tsinko tumatur da albasa daga fangali, aka yanyanka a kai, aka ƙaro wani kwano daga gida. Shinkafar tasa ce, 'yar gida, an turara ta an sheme a nan kusa. Ɗayanmu ya tauna tsakuwa, ya daure bai nuna ba.

Muna ci muka hango tumatur an tsaga shi an shanya a rana. Baba ya ce kauɗa ce. In kaya ya yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, manomi ba shi da wurin ajiya, sai ya shanya ko ya bar shi ya ruɓe. Wata shekara kuma a rasa shi sam, kamar 2016 da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatur a yankin, a shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa shi a Kadawa.

Da muka gama, biyu daga cikinmu suka tuɓe takalma za su shiga magudana su wanke hannu da ƙafa. Baba ya daka musu tsawa. Irin wannan ruwa mai tafiya a hankali yana tara katantanwa, a jikinta kuwa ƙwayar tsargiya ke girma, ta fito ta huda fatar mutum, bayan makonni ya fara fitsarin jini. Ya miƙo mana butarsa ta ruwan rijiya, muka wanke hannu ɗaya bayan ɗaya. Da za mu tafi ya cika mana kwando da tumatur, ya ƙi karɓar ko kwabo.