Hukuncin Santsin Ƙanƙara a Ƙofar Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Musulmi da yawa suna zaune a ƙasashen sanyi irin su Amurka da Jamus, suna da gidaje da kantuna da masallatai. A can, idan hunturu ya kama, dusar ƙanƙara takan lulluɓe gefen titi inda masu tafiya a ƙasa ke bi, ta kwana ta daskare, ta yi santsi kamar an shafe ta da mai. Tsoho yakan taka ya zame, ya karye a ƙugu, wani ma ajalinsa ke nan. To, a Shari'a, lamunin wannan yana wuyan wa?

Kada mai karatu ya zaci sabuwar mas'ala ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, mutumin Ɗusa ne ta ƙasar Hurasan, inda ƙanƙara ba baƙuwa ba ce. A cikin Ihya'u Ulumiddin, wurin da ya lissafa munkaran tituna, ya raba al'amarin gida biyu. Ƙanƙarar da wani ya kwaso ya zubar a hanya, da ruwan da ya taru daga indararon wani gida sananne, sharewarsu tana kan mai su shi kaɗai. Amma abin da ya sauko daga sama ba ya rataya a wuyan mutum ɗaya; shugabanni ne za su ɗora wa jama'a aikin kau da shi.

Malaman Malikiyya kuwa sun yi magana a kan wanda ya jawo santsin da hannunsa. Shehu Halil, a Muhtasar, ya haɗa mai sanya abin santsi a hanya da mai haƙa rijiya da mai ɗaure dabba a tafarki: in ya nufi wani mutum da cuta, shi ɗin kuma ya halaka, kisasi ne, in ba haka ba diyya. Saboda haka ladanin da ya watsa sauran ruwan alwala a ƙofar masallaci da lisha, alhali ya san zai daskare kafin asuba, ba shi da ikon cewa ƙaddara ce kawai. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa sauke diyya daga kan mai sakaci ba.

Saura wanda bai zuba kome ba, sama ce ta zubo. Nan ne maganar shugabanni ta shigo, domin hukumomin waɗannan ƙasashe sun riga sun raba aikin. A birnin Niyok doka ta ba mai gida ko mai kula da shi awa 4 bayan tsayawar ƙanƙara ya share gabansa, ban da tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe. A shekarar 2003 kuma birnin ya mayar da biyan diyyar rauni kan masu gine-gine, sai ƙananan gidajen zama na iyali ɗaya zuwa uku waɗanda mai su ke ciki. A Jamus ma galibin garuruwa sun ɗora shara da barbaɗa yashi a kan masu gida, su kuwa sukan miƙa wa 'yan haya a takardar yarjejeniya.

Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda ya ɗauki alkawari, cika alkawari kuwa wajibi ne, ko mai wucewa Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa kau da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Wanda ba shi da ƙarfin riƙe shebur, don tsufa ko ciwo, sai ya ɗauki ɗan ƙodago ko ya roƙi maƙwabci tun kafin ƙanƙarar ta daskare. Kwamitin masallaci kuma ya ajiye mutum takanas saboda masu zuwa sallar asuba, domin su ne ke fara taka hanyar cikin duhu.

Wallahu a'alamu.