Amsoshin Tambayoyinku: Bulon Roba da Jarumai Masu Tashi Sama

Tambaya: Ni magidanci ne a Na'ibawa, ina aiki a wata masana'antar roba a Sharada. Ɗana mai shekara tara ya hana ni sakat, sai na saya masa wasu 'yan bululluka na roba da ake kira Lego, masu hoton Spider-Man a jikin kwali. Kullum bayan la'asar shi da abokansa suna ƙofar gida suna musu, wai tsakanin Batman da Iron Man wa zai ba wani kashi. Na tambayi kuɗin abin, da na ji sai na ja da baya, daga baya kuma na ga irinsa a kasuwa da araha. Mene ne bambancinsu? Mu da muke zuba bokiti da buta da kujera kullum, me ya hana mu yin wannan ɗan abu a Kano? Anya ma ba ɓata wa yaro lokaci ba ne? Daga wani mahaifi, Na'ibawa, Kano.

Amsa: To, Malam. Allah ya raya mana yaron nan. Tunda kai ma'aikacin roba ne, bari mu fara da abin da hannunka ya sani.

In ka samu bulo ɗaya na gaske, juya shi ka duba. Wanda aka fi sani yana da 'yan maɓallai takwas a kansa, a cikinsa kuma akwai 'yan bututu uku. In ka ɗora wani a kai ka danna, maɓallan na ƙasa za su shige tsakanin bututun na sama da bangonsa, su kama cak. Yaro zai iya ɗaga ginin bai wargaje ba, zai kuma iya ɓalle shi da yatsunsa ba tare da ya sa haƙori ba. Wannan kamun shi ne jarin kamfanin gaba ɗaya. A ranar 28 ga Janairun 1958 suka nemi rajistar wannan dabara a ƙasar Denmak, kuma bulon da aka zuba a wancan lokacin har gobe yana hawa kan wanda aka zuba bana. Kuskuren da suke yafe wa ƙarfen zubinsu, wanda ku a wurin aiki kuke kira mol, bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Silin gashin kanka ya ninka haka kauri sau da yawa.

To ka ga inda hanya ta rabu da bokiti. Bokiti in bakinsa ya ɗan karkace, ruwa dai zai ɗiba, uwargida ba za ta ma lura ba. Bulo kuwa in ya ɗara da ɗan kaɗan ba zai shiga ba, in ya gaza ginin zai riƙa zubewa. Injin da kake tsaye a gabansa a Sharada da nasu duk dangi ɗaya ne: a narkar da ƙwayar roba, a tura ta cikin mol da ƙarfi, ta huce, a tunkuɗo ta waje. Abin da ya bambanta shi ne mol ɗin, wanda sassaƙa shi kaɗai kan ci kuɗi mai yawa, kuma kowace siffa da nata, ga siffofin dubbai ne. Sai irin robar. Kayan gida irin naku yawanci da polifirofilin ko poli'etilin ake yi, waɗanda ake samarwa a nan gida, a Eleme ta jihar Ribas. Lego kuwa tun 1963 da wata roba mai tauri da sheƙi ake yin bulonsa, sunanta ABS, wadda ba ta saurin lanƙwasa ko sauya siffa. Sai kuma maganar da ba sai na gaya wa mutumin Sharada ko Challawa ko Bompai ba: wuta. Aikin da yake son zafi ya tsaya daidai wa daida daga safe har dare ba ya jituwa da a ɗauke a kawo, in kuma aka dogara da dizal, kuɗin ya tashi.

Duk da haka kada ka ɗauka doka ce ta hana. Rajistar bulon ta daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce kamfanin ba zai iya mayar da siffar bulon tambarinsa shi kaɗai ba. Duk mai jarin da ya ga dama a Bompai zai iya zuba bulo mai hawa kan juna da sunansa na kansa. Ni a ganina ma ƙofa ce a buɗe, musamman manyan bululluka na 'yan nazire, waɗanda ba sa buƙatar tsananin daidaito irin na ƙananan. Abin da ba za a taɓa ba shi ne sunan Lego, da zanen kwalinsu, da jaruman da ke kai. Wani kamfani a Sin mai suna Lepin ya yi ta kwafar kayansu har da kwali, sai da 'yan sanda suka dirar masa a 2019, daga baya aka ɗaure shugabansa.

Wannan ya kawo mu kan Spider-Man da tsadar da ta kore ka. Jaruman nan duk da masu su. Superman ya fito a littafin zane a 1938, Batman a 1939, su biyun na kamfanin DC ne da ke ƙarƙashin Warner Bros. Spider-Man ya fito a 1962, Iron Man a 1963, Black Panther a 1966, su kuma na Marvel ne, wanda Disney ta saya a 2009 kan kusan dala biliyan 4. Duk kwalin da ka ga fuskar ɗayansu a kai, sai an biya mai shi kasonsa. Lego ya fara irin wannan ciniki da fim ɗin Star Wars a 1999, sannan Spider-Man a 2002, Batman a 2006, daga 2012 kuma jaruman gidajen biyu suka zama layi mai zaman kansa. Ana fitar da sabon fim ana fitar da sabon kwali. Fim ɗin na tallar abin wasa, abin wasan na tallar fim. Ƙara da cewa kamfanin Lego ba shi da masana'anta ko ɗaya a Afirka. Daga Denmak, Hangari, Cek, Meziko, Sin ko Biyetnam kayan ke tasowa, a biya da dala, a biya jirgi, a biya kwastan, kafin mai shago ya ɗora nasa. Wasu ma ba don yara aka yi su ba. Hasumiyar jaruman Avengers da suka fitar a 2023 guntaye 5,201 ne a cikinta, kuɗinta dala 500, kuma a jikin kwalin an rubuta ta 'yan shekara 18 zuwa sama ce. Akwai gandama-gandaman mutane masu gemu da ke tara su a cikin kabad na gilashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na arahar da ka gani ba duka ne na banza ba, sai dai ka duba da idon mai sana'a. Haɗa biyu ka ji kamunsu. Shinshina, in warin roba mai hawa kai ya buge ka, ajiye. Shafa gefen ka ji ko akwai kaifi. Na ainihi kowane maɓalli da sunan kamfanin a kansa da ƙananan haruffa, don haka in ka ci karo da ƙunshinsu cikin kayan gwanjo, kamar a Ƙofar Wambai, ka san abin da za ka duba. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ba tafasasshe ba. Idan akwai ƙannen yaron da ba su kai shekara uku ba a gidan, a yi hattara ƙwarai, domin kan ɗan mutum-mutumin da ke zuwa cikin kwalin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma yaro komai baki yake kai wa. Ga kuma gargaɗi na musamman gare ka: kada ka taka shi ba takalmi in ka fito alwalar asuba. Na taɓa, ban ji da daɗi ba.

Ko ɓata lokaci ne? A nan ina da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye ba. Bulon ba ɓata lokaci ba ne, amma kwalin jarumi shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin abin da za ka iya saya. Kwalin Spider-Man na zuwa da ɗan littafi mai nuna sa wannan nan, sa wancan can. Yaro ya bi, cikin awa ɗaya ya gama, ya ɗora a kan talabijin, shi ke nan sai ya fara hangen na gaba. Amfanin yana farawa ne ranar da littafin ya ɓace, ginin ya rushe, yaron ya zauna da tulin guntaye yana tunanin yadda zai fitar da gadar sama ta Na'ibawa ko tirelar da ya gani a titin Zariya. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya ƙirga cewa bulo shida kacal masu maɓalli takwas ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Da kuɗina ne, zallar bulo zan saya mai yawa, in ƙara masa ɗan Spider-Man guda ɗaya don kada ya ji kunya a cikin abokai.

Mu ma ai mun yi namu. Wanda ya tashi a Kano ya san motar kara da ake soke ɓargon da siraran ɓawonsa, da motar langa-langa mai tayar tsohon silifas da dogon sitiyarin waya. Babu wanda ya ba mu littafi. Wanda ya kafa Lego ɗin ma, Ole Kirk Christiansen, kafinta ne a wani ƙauye mai suna Billund. Da kasuwa ta mutu a 1932 ya koma sassaƙa kayan wasa na katako, har da wata agwagwa mai taya da ake ja da igiya. Sai a 1947 ya sayi injin zuba roba. Kai da kake maƙwabtaka da 'Yan Katako, guntayen da kafintoci ke sharewa da yamma sun isa cika buhu. A goge su da sanfefa, ka zube wa yaron tare da bulon, ka ga abin da zai fito.

Saura musun ƙofar gida. Ka gaya musu Batman da Iron Man ba su taɓa karawa a fim ba, tunda ba gidansu ɗaya ba, kamar dai ka ce ɗan wasan Kano Pillars ya fito a fim ɗin Indiya. Abin dariya ma, su biyun babu mai wani ƙarfi na daban, attajirai ne da suka tanadi kayan faɗa. A littafin zane kam gidajen biyu sun taɓa haɗuwa: Superman da Spider-Man a 1976, sai kuma 1996 da aka jera jarumansu aka yi dambe, aka bar wa masu karatu su jefa ƙuri'a kan karawa biyar. A nan Batman ya kayar da Captain America, Superman ya kayar da Hulk. Wato wanda ya fi magoya baya shi ya yi kisa. In sun matsa sai ka faɗi naka, ni dai Batman nake bi, don ko an ɗauke wuta yana iya aikinsa, shi kuwa Iron Man sai da caji.