Shawarwari Kan Wanke Busasshen Dutse Kafin a Saka Shi a Tankin Murjani

Duk wanda ya ƙuduri kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi cikin gida, dutse ne abin da zai fara tanada, tun kafin kifi. A cikin ƙananan ramukan dutsen ne ƙwayoyin bakteriya masu cinye kashin kifi suke zama, a kansa murjani yake kafuwa, a ƙarƙashinsa kifi yake ɓuya idan ya tsorata. A da, rayayyen dutse ake ɓallowa daga teku a kawo shi jiƙe da duk halittun da ke jikinsa. Amurka ta hana ɗibar irin wannan a ruwayen tarayya da ke kewaye da Florida tun 1997, Fiji kuma ta dakatar da fitar da shi a ƙarshen 2017. Yanzu busasshen dutse ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, kuma ba ya zuwa da baƙin halittu masu cutar da murjani. Sai dai farinsa na ruɗar mutane su ɗauka tsaf yake. Dauɗar da aka kasa fitarwa a durom a tsakar gida cikin makonni kaɗan, ita ce za a shafe shekara ana fama da ita bayan an cika tanki da ruwa da halittu masu tsada.

1. Ku fara sanin asalin dutsen. Wannan ne zai nuna muku irin wankin da ya kamata, domin ba kowane dutse ne yake buƙatar bilic da asid ba. Akwai wanda ake haƙowa a tudu daga tsohon dutsen murjani da teku ya janye ya bari shekaru dubbai da suka wuce, kamar na kamfanin Marco Rocks a Florida. Irin wannan ƙura ce yawan dauɗarsa. Akwai wanda ake ƙerawa ko sarrafawa a masana'anta, kamar LifeRock na CaribSea da Real Reef, waɗanda ake yi musu launin shunayya. Su ɗauraya kawai suke so, bilic ko asid zai ɓata launinsu ne. Sai wanda aka ciro daga teku aka shanya, kamar Pukani na Fiji, wanda ramukansa ke cike da busasshen soson teku da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da suka mutu a ciki. Sai kuma dutsen da wani ya yi amfani da shi a tankinsa ya ajiye. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne masu aiki. Ku tambayi mai sayarwa, ku kuma sansana da kanku: a jiƙa gutsure ɗaya a bokiti kwana biyu, idan ruwan ya yi rawaya ya soma wari, to akwai mushe a ciki.

2. Ba kowane dutse ke shiga ruwan gishiri ba. Dutsen murjani na gaske sinadarin alli ne, wato kalsiyom kabonet. Ku ɗiga masa binega, zai yi kumfa. Marmara ba ta dace ba saboda ƙarfen da ke cikinta, duwatsun gini kuma ba su da ramukan da bakteriya za su zauna, nauyi ne kawai a kan gilashi. Idan dutsen na hannu ne, ku tambaya ko an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a tankin da ya fito. Dutsen yana shanye jan ƙarfe ya riƙa sakinsa sannu a hankali, kuma ɗan kaɗan ya isa kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. In an taɓa zubawa, ku haƙura da shi komai arharsa. Masu zama kusa da Bahar Maliya, kamar 'yan uwanmu na Port Sudan, kada su ɓallo dutse daga teku. Sanganeb da Dungonab wurare ne masu kariya da UNESCO ta saka a jerin kayan gadon duniya a 2016, kuma murjani mai tauri yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda.

3. Kada a tafasa dutse, kada a kwarara masa ruwan zafi. Wannan maganar rai ce. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin da ake kira palitoksin, ɗaya daga cikin mafi haɗari da aka sani, kuma ragowarsu kan maƙale a tsohon dutse. Tururi yana ɗaukar dafin ya watsa a ɗaki, haka ma feshin gogewa. A watan Maris na 2018, a ƙauyen Steventon da ke Oxfordshire a Ingila, an kai mutum 10 asibiti, har da ma'aikatan kashe gobara, bayan an goge dutsen tanki a cikin gida. Duk dutsen da ya fito daga tankin wani, a taɓa shi da safar hannu da tabarau, a waje, ba a kicin ba, kuma a kori yara daga wurin.

4. Wankin farko da ruwa zalla ne. A feshe dutsen da tiyo mai ƙarfi, a bi ramuka da buroshi mai tauri, a zaƙulo abin da ido ya gani da tsinke. Ban da sabulu, ban da omo. Durom da bokiti su zama na roba, waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari ko sabulun wanki a cikinsu ba. Dutsen da aka haƙo a tudu, sau da yawa daga nan sai a wuce zuwa shawara ta 7.

5. Bilic na dutse mai mushe ne. A samo zallan bilic, wanda ba a saka masa turare ko sabulu ko abin kauri ba. Ma'aunin da masu kiwo suka saba shi ne kashi 1 na bilic cikin kashi 10 na ruwa, amma wannan lissafin na bilic mai ƙarfin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ne. Ku duba jikin robar: idan naku 3.5 ne, sai a ninka. A nutsar da dutsen gaba ɗaya, a rufe, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, har mako guda. Ruwan famfo ya wadatar a wannan mataki. Bayan nan a zubar, a ɗauraye sosai, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu a sabon ruwa da aka zuba wa maganin kashe kulorin, irin wanda ake sayarwa a shagon kayan kifi. Sannan a baza shi a rana, ana juyawa, har ya bushe ƙayau ciki da waje. Kulorin yana tashi idan dutse ya bushe. Muddin hanci yana jin ɗan warin bilic a cikin rami, ba a gama ba.

6. Asid kuwa, a ganina an cika gaggawar kai masa hannu. Amfaninsa shi ne ya narkar da fatar dutsen ta waje, inda sinadarin fosfet ya fi taruwa, ya kuma buɗe ramukan da suka toshe. Amma yana cin dutsen da kuka saya da kuɗi, yana ƙona fata, hayaƙinsa yana illa ga huhu, kuma jiƙon da za mu zo kansa a gaba yana yin kusan aikin ba tare da haɗari ba. Wanda ya ga lallai sai ya yi, to asid ɗin haidirokulorik ake amfani da shi, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, minti 15 zuwa 20 kacal. Ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a kai a hankali, ba a taɓa juya wannan tsari. Durom ya kasance da sarari a sama, don kumfa za ta taso da yawa. Idan lokaci ya cika, a barbaɗa bekin soda har kumfar ta daina tashi kafin a zubar. Ruwan batir ba irinsa ba ne, kada a gwada shi. Abu mafi muhimmanci: bilic da asid ba sa haɗuwa. In suka gamu, iskar kulorin mai kisa ce ke tashi. Dole sai an gama da bilic, dutsen ya bushe sarai, kafin ya ga asid, kuma ba a durom ɗaya ba sai an wanke shi.

7. Daga nan zuwa gaba, tataccen ruwa kaɗai. Ruwan rijiya da na bohol da na famfo suna iya ɗauke da fosfet da silika da ƙarafa, dutsen kuma zai shanye su ya mayar muku daga baya. Fiya wata ma an tace ta ne domin sha, ba domin murjani ba. Abin da ake so shi ne ruwan na'urar RO/DI, wanda ma'aunin TDS yake nuna sifili. Gishiri kuma na tankin teku ne, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. Gishirin miya ba shi da kalsiyom da magniziyom da sauran sinadaran da ruwan teku ya ƙunsa. A dama har ma'auni ya nuna 1.025 zuwa 1.026, wato gishiri kashi 35 cikin dubu.

8. Ku tsara ginin dutsen tun yana bushe. A yanka kwali daidai faɗin gindin tankin, a jera duwatsun a kai, a zagaya ana dubawa ta kowane gefe. Manyan a fasa su da guduma da cizal. A bar tazara tsakanin dutse da gilashi yadda hannu da abin gogewa za su wuce, a bar kogo da hanyoyin da ruwa zai ratsa, a kuma tuna murjani zai girma ya cinye sararin sama. Ana haɗa duwatsu da sufa gulu mai kauri, ko efoksi na tankin kifi, ko simintin da aka yi domin wannan aiki. Tsohon ma'auni shi ne kilo 12 zuwa 18 ga kowace lita 100, amma masu kiwo da yawa yanzu suna saka ƙasa da haka, kuma ina tare da su: tulin dutse yana tare ruwa, datti ya taru a bayansa inda hannu ba ya kai.

9. Jiƙo a duhu shi ne matakin da bai kamata a tsallake ba. A saka dutsen a durom na ruwan gishiri, da ƙaramin famfo mai juya ruwa, a rufe yadda haske ba zai shiga ba amma iska za ta shiga. Zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 27. Da hunturu a saka hita, da bazara a nemi wuri mai sanyi. Duhun shi ke hana gansakuka tsirowa yayin da dutsen yake amayar da abin da ke cikinsa. Kowane mako a gwada fosfet da ma'auni irin na Salifert ko Hanna. Idan ya hau, a canza ruwan, ko a saka garin GFO mai zuƙe fosfet. Akwai kuma lantanom kulorayid, mai saurin aiki, amma a durom kawai nake ba da shawarar amfani da shi, domin farin garin da yake haifarwa yana cutar da kifi, sai an ɗauraye dutsen bayansa. Ana neman fosfet ya sauka ƙasa da 0.1 ppm, ya kuma tsaya nan mako guda ba tare da an taɓa ruwan ba. Dutse mai tsabta kan kai nan cikin mako 2 zuwa 4, irin su Pukani kuwa sukan ɗauki wata 2 ko fiye. Inda wuta ba ta tsayawa, a haɗa famfon da sola ko inbata, ba ya cin wuta sosai. Ruwan da ya kwanta ba motsi yakan rasa iska ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai, bakteriyar da ake rainon su su mutu. In ruwa ya ragu saboda zafi, tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa, don gishirin bai tafi ko'ina ba.

10. Ku raini bakteriya kafin kifi ya zo. Busasshen dutse fanko ne, ba mai cinye amoniya a cikinsa. Idan fosfet ya lafa, a zuba bakteriyar kwalba, irin su Fritz TurboStart 900 ko One and Only na Dr. Tim's, a ciyar da su da amoniyom kulorayid har ma'auni ya nuna 2 ppm. Rukuni ɗaya zai mayar da amoniya zuwa NO2, wani ya mayar da NO2 zuwa NO3, wanda bai kai su guba ba. Ranar da kuka zuba amoniya kuka gwada bayan awa 24 kuka tarar ta koma sifili, NO3 kuma ya bayyana, dutsen ya shirya. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6. Kada a jefa kifi mai rai domin ya yi wannan aiki, amoniya tana ƙona masa mashaƙar numfashi. Daga yanzu kuma kada dutsen ya sake bushewa ko ya taɓa ruwan famfo.

11. Dutse kafin yashi. A zaunar da shi a kan gindin tankin kai tsaye, sannan a zuba yashi a kewaye. Akwai kifaye da jatan lande masu haƙa rami, in dutse a kan yashi yake sai su rarake ƙarƙashinsa ya rufto, ya danne su ko ya tsaga gilashi.

12. Ku sa ran watannin muni. Da zarar an kunna fitila, farin dutse zai yi ruwan ƙasa da ƙurar dayatom, daga baya kore ya biyo, wani lokaci har da jan yauƙi. Ba alamar wanki bai yi ba ne. Fili ne da ba kowa, duk abin da ya riga isa shi ke mamayewa. A fara da haske kaɗan, a saka dodon koɗi masu kiwon gansakuka, a ƙara kifi ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a matse fosfet da NO3 har su koma sifili, domin a irin wannan ruwa ne dainofilajilet masu guba suke bunƙasa, kuma sun fi gansakuka wuyar kora. Ɗan gutsuren rayayyen dutse daga tanki mai lafiya, wanda aka duba aka tabbatar ba ya ɗauke da baƙin halittu masu cutar da murjani irin su Aiptasia, zai kawo ƙananan halittu da irin shunayyar gansakuka mai tauri da ake kira koralin. Ita tana son kalsiyom 400 zuwa 450 ppm, alkaliniti 7 zuwa 9 dKH, magniziyom wajen 1,300 ppm. Ɗigonta na farko kan bayyana a jikin famfo da gilashi kafin dutse, kuma sai ta soma yaɗuwa ne ya dace a kawo murjani masu tauri irin su Acropora.