Jarin Mai Ƙosan Rogo Tsakanin Zakka da Waƙafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ya nufi Bungudu ta hanyar Sakkwato, ya san tallar dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli, ya kuma san ƙosan rogon da mata ke soyawa a cikin gida. Daga cikinsu akwai zawarawa masu riƙon marayu, akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Me ya sa jarin da ake ba irin waɗannan mata yakan karye kafin shekara ta zagayo?

Babban dalili yana cikin rogon kansa. Da zarar an tono shi, kwana biyu ko uku ya fara baƙi. Saboda haka mai suya ba ta iya saye da yawa lokacin araha, kullum sai ta sayi na yini da tsada, ga kuɗin mai yana cin riba. Maganin sananne ne: a fere, a jiƙa, a shanya, a niƙa, garin ya yi watanni bai lalace ba. Sai dai wannan yana buƙatar daɓen shanya da injin niƙa da ɗakin ajiya, waɗanda suka fi ƙarfin mace ɗaya.

A nan ne ya wajaba mu bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Zakka mallakawa ce. Abin da aka ba matalauciya ya zama nata, ba bashi ba ne, ba mu da hurumin cewa ta dawo da shi. Imamu Nawawi ya bayyana a cikin Majmu'u cewa ana ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa. To kasko da mai da buhun gari, daga zakka za su fito.

Waƙafi kuwa ana tsare asalinsa ne, a ci amfaninsa, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Malikiyya sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, har da kuɗi don a riƙa rantawa ba tare da ƙari ba. A ganina inji da daɓe da ɗakin ajiya nan ne muhallinsu: mata da yawa su amfana, babu wadda za ta sayar ranar da ciwo ya shigo gida. Wannan ba zargi ba ne, domin wadda ɗanta ke kwance ba ta duba uwar kuɗi.

Sai dai inji yana lalacewa, shi ya sa wajibi ne takardar waƙafi ta ambaci mai kula da shi, da ɗan ladan niƙa da za a riƙa warewa don gyara, da wurin da za a mayar da shi idan ƙauyen ya tashi.

Allah ne Mafi sani.